Tambaya da Amsa: Zagaya Tafkin Toba a Kan Keke

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son zuwa Tafkin Toba na Indunusiya in zagaya shi da keke. Na saba da kilomita 100 a yini, amma a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Wane shiri ya kamace ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Nisan ba zai dame ka ba, hawa da gangara ne za su gwada ka. Toba rami ne da dutse mai aman wuta ya bari a arewacin Sumatra shekaru kusan 74,000 da suka wuce. Tsawonsa ya kai kilomita 100, faɗinsa 30, ruwan kuma yana kimanin mita 900 sama da teku, ga ganuwar duwatsu ta kewaye shi. Duk hanyar da ta rabu da bakin ruwa, to hawa ce.

Ka fara da tsibirin Samosir da ke cikin tafkin. Daga Ajibata, kusa da Parapat, jirgin fito zai kai ka Tomok da kekenka cikin sa'a guda ko ƙasa da haka. Daga nan zuwa Pangururan ta Ambarita da Simanindo kilomita 40 ne da 'yan kai, mafi yawa a gefen ruwa. Da wannan za ka san ƙarfinka kafin ka tunkari hawan Tele, da ke saman ganuwar duwatsun.

Hanyar Tele ce abin ji. Daga Pangururan kimanin kilomita 20 ne na kwana-kwana a jikin dutse. Ka sa giya mai sauƙi, haƙora 34 a gaba, 32 ko 34 a baya, domin giya mai nauyi gwiwa take ci tun kafin a yi rabi. Gangarar ta fi ba mu tsoro. In ka riƙe birki ba sakewa, rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, zai ɗau zafi har tub ya fashe, in kuma birkin faifai ne kamunsa zai ragu. Ka matsa da ƙarfi kafin kwana, ka saki, ka tsaya lokaci-lokaci ƙarfen ya huce. Sabuwar robar birki za ka sa tun daga gida, ka riƙe wata a jaka, domin ruwan sama da yashi suna cinye ta da wuri. Kuma a hagu ake tuƙi a can. Mai gajiya kan manta da haka daidai kan kwana, inda motar kaya ke ɓullowa.

Taya mai faɗin milimita 32 ta fi jure ramuka. Tub biyu, faci, famfo, mahaɗin sarƙa da fitila gaba da baya kada su bar jakarka. Rana na faɗuwa wajen shida da rabi duk shekara, duhu kuma ba ya jira. Ka fita da asuba, don hadari ya fi haɗuwa da yamma, musamman daga Oktoba zuwa Disamba.

Sanyin wurin yana ɓoye ƙishi. Ka sha rabin lita zuwa mililita 750 duk sa'a, na kwalba ko dafaffe, ka ci ayaba ko burodi tun yunwa ba ta zo ba. Yawancin 'yan ƙabilar Batak na Samosir Kirista ne, ana sayar da naman alade a gidajen abinci da yawa, don haka mai neman halal ya duba allon da aka rubuta Muslim ko Padang. Ka riƙe rupiah, kuɗin ƙasar, a hannu, ƙananan shaguna ba sa karɓar kati.