Amsa ga ƙaninmu da yake jin sha'awa idan ya ga gizo-gizo

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Muryar nan za ta ɗan yi tsawo ku yi haƙuri, a kan saƙon nan ne da adimin ta turo jiya ba suna, na ƙaninmu da ya ce tun yana ɗan shekara goma sha wani abu idan ya ga gizo-gizo yana tafiya ko ma hotonsa kawai sai sha'awa ta taso masa, irin wadda namiji ke ji game da mace, kuma abin ya dame shi har yana tunanin ko kansa ne ya taɓu. Na ga wasu sun sa alamar dariya, wasu sun ce ƙarya ce ya shirya. Wallahi ban ji daɗi ba, don mutum ba ya fito da irin wannan maganar sai ta ci shi a ciki shekara da shekaru.

To ƙanina, da kai nake. Abin da kake ji yana da suna a wajen likitocin ƙwaƙwalwa, suna kiran dukkan irinsa parafiliya, wato sha'awar mutum ta karkata ta manne a kan wani abu da ba shi aka saba ba, wani takalmi ne, wani ƙafa, wani wani irin yadi. Wanda ya fi kusa da naka shi ne fomikofiliya, sunan da wasu masana biyu John Money da Ratnin Dewaraja suka sa a 1986, ga mutumin da sha'awarsa ke tashi idan ƙananan halittu irin su tururuwa suna bin jikinsa. Na gizo-gizo ba kasafai ake samunsa ba sam, abin da ya cika duniya kishiyarsa ne wato tsoron gizo-gizo, shi ya sa duk wanda ka faɗa wa zai zaro ido. Amma ƙarancin abu ba shi ne hauka ba, ka riƙe wannan.

Ta yaya yake shiga mutum? A 1966 wani masanin halayya a Ingila, Stanley Rachman, ya ɗauki maza 'yan kaɗan ya riƙa nuna musu hoton dogon takalmin mata, daga nan sai hoton da ke tayar da sha'awa ya biyo baya, haka dai a kai a kai, har ta kai takalmin shi kaɗai yana motsa su. Kun ga ke nan ƙwaƙwalwa tana iya ɗaure abu biyu da ba su da dangantaka idan suka yi ta zuwa tare, musamman lokacin balaga da jiki ke kama komai da zafi. Kai ma ka ce lokacin naka ya fara ke nan.

Sai kuma maganar tsoro, nan ne nake ganin ya fi shafar gizo-gizo. Tsoro da sha'awa a jiki kusan kaya ɗaya suke sawa, zuciya ta buga da sauri, numfashi ya canza, tsigar jiki ta tashi, gumi a tafin hannu. A 1974 Dutton da Aron sun yi gwaji a gadar Kafilano da ke Bankuba a Kanada, gada ce ta igiya mai lilo, tsayinta daga ruwa wajen mita 70, wata budurwa ta riƙa tsayar da maza tana musu tambayoyi ta ba su lambar waya, sai aka ga waɗanda ta tare a kan gadar mai ban tsoro sun fi kiranta a kan waɗanda ta tare a wata gajeriyar gada mai ƙwari. Wato jiki ya tashi saboda tsoro, ƙwaƙwalwa ta fassara shi da sha'awa. To ka ɗauki yaro yana tashen balaga, ga halitta mai ƙafa takwas tana tafiya a hankali shiru, gabansa na faɗuwa amma ya kasa ɗauke ido, ai ba abin mamaki ba ne wayoyin su haɗu a inda bai kamata ba. Ba kai ka zaɓa ba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013, mai suna DSM-5, ya raba abu biyu, akwai samun baƙuwar sha'awa, akwai kuma ta zama ciwo. Tana zama ciwo ne idan tana sa mai ita cikin ƙunci, ko ta hana shi rayuwarsa da aikinsa da aurensa, ko kuma akwai cutar da wani a ciki. Kai da bakinka ka ce abin ya hana ka sukuni, to wannan ƙuncin shi kaɗai ya isa dalilin ganin likita, ba sai ka jira ya ƙara girma ba.

Kuma akwai tambaya ɗaya da likita zai maka, gara ka fara yi wa kanka. Shin kana jin daɗin tunanin ne kana nemansa da kanka, kana binciko hotuna, ko kuwa faɗo maka yake ba ka so, ka ji ƙyama da firgici, ka yi ta duba jikinka ko ya motsa? Domin na biyun sau da yawa ba sha'awa ba ce ma, ciwon waswasi ne da ake kira OCD, tunani mara daɗi ya yi ta kutsowa, kuma yawan sa ido a kan al'aura shi kansa yana sa a ji wani motsi a wurin, sai mutum ya ce shi ke nan ashe ina so. Maganin su biyun ba ɗaya ba ne shi ya sa ba na so ka yanke wa kanka hukunci daga abin da ka karanta a intanet. Dukkansu dai ana zama da ƙwararre a yi ta gyaran tunani da ɗabi'a mataki mataki, wani lokacin a haɗa da ƙwayoyi, kuma ana samun sauƙi sosai. Ka ci gaba da addu'arka, ka haɗa da asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Abin da zan roƙe ka da babbar murya shi ne kada ka kai abin ga aikatawa da gizo-gizo mai rai. Akwai nau'insa sama da 50,000 a duniya, mafi yawansu ba sa yi wa mutum komai, amma kai ba za ka iya tantancewa da ido ba. Akwai wata baƙa mai jan tambari a cikinta da dafinta ke ɗaure jijiyoyi da ciwo mai tsanani, akwai wani a Burazil da cizonsa ke sa gaban namiji ya miƙe na awanni cikin azaba, wannan kuwa sai an garzaya asibiti don yana iya lalata gaban gaba ɗaya, na faɗa ne don na san akwai masu yaɗa labarinsa kamar wani abin alheri. Manyan nan masu gashi, tarantula, wasunsu suna watso gashin cikinsu ya shiga fata da ido. Ita ma halittar tana da rai, cikin tarantula yana iya fashewa idan ta faɗo ko daga ɗan tsayi kaɗan, ba ta san me kake yi ba kuma ba ta da bakin cewa a'a, haƙƙi ne a kanka.

Sannan ka rage ciyar da abin. Duk lokacin da ka nemi hoto ko bidiyo ka biya buƙata a kai, ƙara ɗaure igiyar nan kake. A gwajin Rachman ɗin ma da aka daina haɗa hotunan biyu abin dusashewa ya yi. Ba na ce rana ɗaya zai tafi ba fa, wani ma ba ya tafiya duka, sai dai ya yi rauni har ya daina mulkinka.

Ka tambaya ko za ka iya aure. Za ka iya, mutane da yawa masu baƙuwar sha'awa suna jin sha'awar mace ko namiji yadda kowa ke ji, wancan ɗin yana gefe ne kawai. Idan kuma ka lura ba abin da ke motsa ka sai shi, to wannan ma ka faɗa wa likitan tun kafin maganar aure ta taso.

Ku kuma 'yan gurup don Allah a goge alamomin dariyar nan, yana ciki yana gani. Ƙanina ka turo wa adimin amsar tambayar da na maka, kana nemansa ne ko faɗo maka yake, ita za ta miƙo min ba sai na san sunanka ba, daga nan sai in faɗa maka irin likitan da za ka fara nema da yadda za ka buɗe masa maganar.