Ɗan kwangilar ginina ya rasu da kuɗina a hannunsa

Tambaya: Na ba wani ɗan kwangila a unguwarmu aikin gida mai ɗaki huɗu a kan naira miliyan 18. Na biya miliyan 12, gini ya kai linta, sai Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu na ji iyalansa na shirin raba gado. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya jiƙansa da rahama. Malam, haƙƙinka bai faɗi da rasuwarsa ba. Abin da ya karɓa bai yi aikinsa ba ya zama bashi a kan dukiyar da ya bari, kuma a shari'a sai an yi wa mamaci sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba gado.

Amma ba miliyan 12 kake bi ba. Kafin wani magini ya taɓa ginin, ka ɗauko ƙwararren mai ƙiyasin gini ya auna abin da aka yi: fandesho, bulo nawa aka ɗora, rodi da kankare nawa suka shiga linta. A yi a gaban wakilin magada, a ɗauki hotuna, kowa ya sa hannu. In aikin ya kama miliyan 8, to miliyan 4 ne haƙƙinka. Nan mutane suka fi yin asara. Sai su kawo sabon ɗan kwangila ya ci gaba, aikin biyu ya cakuɗe, a rasa hujjar inda marigayi ya tsaya. Kayan da ke filin ma a ƙirga su a rubuta, musamman siminti, wanda ke daskarewa in ya jima a ajiye ko ya ji danshi.

Sai ka duba da wa ka ƙulla yarjejeniyar. In kamfani ne mai rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da "Limited" a ƙarshen sunansa, kamfani ba ya mutuwa da mai shi, don haka shi za ka nema ya ƙarasa ko ya maido kuɗi. In sunan kasuwanci ne kawai, ko da baki kuka yi, bashin na kan dukiyar marigayin.

Ka rubuta wa magada takarda yanzu, kuma in maganar gadon tana gaban kotun shari'a, ka je ka sanar da alƙali kafin a raba. Ka tafi da rasit, shaidar turin kuɗi ta banki, saƙonnin waya da mutanen da aka yi cinikin a gabansu. A mazhabar Malikiyya, mai bin mamaci bashi, ko ya kawo shaidu, sai ya ƙara da rantsuwa cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba, tunda wanda zai musanta ba ya raye. In kuɗin marigayin na banki, a ka'ida sai magada sun samo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu kafin a saki.

Kada ka kai ɗansa ko matarsa wurin 'yan sanda. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, ta kuma hana kamu kan saɓa yarjejeniya. Magada ba sa biya daga aljihunsu, iyakar abin da ya bari ne. In masu bin bashi sun yi yawa dukiya ta gaza, za a raba muku gwargwadon abin da kowa ke bi.

Leburori da magina da marigayi ya ɗauka, ladansu na kansa, sai dai in kai ka ɗauke su da kanka.

Ni da za ka ji tawa, ka fara da sulhu a gaban mai unguwa ko limami. Sau da yawa akwai ɗa ko babban yaron marigayi da ya san aikin, ya ƙarasa a kan sabuwar takarda, kana biya mataki-mataki. In hakan ya ƙi, kada ka yi jinkiri, domin wa'adin shigar da ƙarar kwangila a babbar kotu shekara 5 ne ko 6, gwargwadon dokar jiharka.