Ina so in bar banki in tafi koyar da Turanci a waje, maiɗakina ta ce atafau

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 46, shekara 19 ke nan ina aikin banki a Kaduna, kuma wallahi na gaji. In fita da duku-duku, in dawo yara sun yi barci, kullum kuma ana mini faɗa wai ban kawo masu ajiya ba. Alhali Turanci na karanta a jami'a, kuma tun lokacin bautar ƙasa da na koyar a wata sakandare ban ƙara jin daɗin aiki ba. Yanzu na yi kwas ɗin TEFL, wato na koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, na sa'a 120 ta intanet, ina so in ajiye aiki in tafi Koriya ta Kudu koyarwa. To, maiɗakina ta ce atafau. Tun ranar da ta ji maganar a bakin ƙanwata ba ta sake mini fuska ba. Wai tsufa ne zai zo mini da gardama. Ni da na riƙe gida shekara 19 ban taɓa gazawa ba? Yayyenta ma sun tsoma baki, har da mai cewa kurciya aka yi mini. Ai ba don kaina kaɗai zan tafi ba, ita da yara zan nemo wa. Shekara 19, Anti! Na gaji, ita kuma ta ƙi ganin gajiyata. Yaya zan shawo kanta?

Mai neman mafita, Kaduna

Wa'alaikumus salam Malam. Ni ba na shiga tsakanin miji da mata in ce wane ne da gaskiya, amma kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: "a bakin ƙanwata". Ka rubuta su ka wuce kamar ba komai. Wato ka zauna sa'a 120 gaban kwamfuta a gidan da take dafa maka abinci, ka zaɓi ƙasa, ka shawarci ƙanwarka, ita kuma wadda za a bar wa yara da kuɗin makaranta da ciwon dare sai a bakin dangin miji ta tsinci labarin. Ko ni ce, fuskata ba za ta saku ba.

Ku maza masu karanta shafin nan, wannan halin ya yi muku yawa. Ku gama ƙulla magana a majalisa, a gida kuwa sai dai sanarwa, sannan ku ce mace ba ta da fahimta.

Sha'awar koyarwa ba hauka ba ce, kuma mai shekara 46 bai makara ba. Sai dai ban ga inda ka ce an ba ka aiki ba. Bizar koyar da Turanci a Koriya ta Kudu, wadda ake kira E-2, masu fasfon Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu ake ba. Najeriya ba ta ciki, komai kyan Turancinka. Duk dillalin da ya ce ka turo kuɗi zai shigar da kai, ka riƙe aljihunka. Makarantu da yawa kuma sun fi ganin girman CELTA, takardar koyar da Turanci ta Cambridge, domin ita sai ka tsaya gaban ɗalibai na gaske sa'a 6 ana duba ka. Ka kuma leƙa shirin TAC da gwamnatin tarayya ta kafa a 1987, mai tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu.

Kada ka miƙa takardar ajiye aiki sai ka riƙe kwantiragi a hannu. Daren yau kuma, idan yara sun kwanta, ka ba ta haƙuri kan maganar ƙanwar nan, kada ka ambaci Koriya ko sau ɗaya.