Gwanjon Home Depot da Ginin Gida a Kano: Me Ya Cancanci Shiga Kwantena?

Wani ɗan'uwanmu mai tuƙin tasi a Bronx, cikin birnin New York, ya aiko da tambaya. Gininsa na Kano ya wuce linta, ana shirin rufi. Ya ce ya ga bidiyoyi a TikTok na mutanen da ke fitowa daga kantin kayan gini na Home Depot da kayan dala ɗari sun biya senti ɗaya, shi ma yana so ya riƙa tara irin wannan araha har ta cika kwantena. Ya ƙara da cewa ƙanensa da ke karatu da bizar ɗalibi yana son shiga harkar, ya riƙa saye yana sayarwa a Facebook. Tambayarsa: gaskiya ne, kuma ta ina zai fara?

Malam, Allah ya sa a gama ginin lafiya, ya sa a shiga da ƙafar dama. Arahar gaskiya ce, na gani da idona, na kuma ci moriyarta. Manyan kantunan kayan gini irin su Home Depot da Lowe's ba sa son kaya ya kwana musu a kanta. Da zarar lokacin abu ya wuce, ko kamfani ya fito da sabon samfuri, sai su manna masa takardar farashi mai ruwan ɗorawa, su yi ta rage kuɗin kashi-kashi har ya ƙare. Galibi za ka ga tsohon farashi da kwanan wata a jikin takardar, kuma idan ta daɗe, akwai yiwuwar kuɗin ya ƙara faɗuwa a kwamfuta alhali ba a sauya ta ba. Don haka kada ka tsaya ga abin da ke rubuce, kai kayan wurin ma'aikaci ya haska maka shi da na'ura. Duba ƙarshen layuka, musamman na can bayan kanti, ka ɗaga kai ka dubi kantocin sama. Kowane reshe da farashin gwanjonsa, abin da ya faɗi a Bronx yana iya kasancewa da kuɗinsa a garin Yonkers da ke maƙwabtaka da ita. Ka kuma kula da lokaci: kayan aikin lambu da kujerun tsakar gida suna karyewa ƙarshen Agusta zuwa Satumba, akwatunan kayan aiki da aka jibge don kasuwar ƙarshen shekara kuwa sai Janairu.

Batun senti ɗaya daban ne. Wannan ba farashin sayarwa ba ne, alama ce da kanti ke sa wa kaya a kwamfuta don ma'aikata su kwashe shi daga kanta. Wanda ka gani a bidiyo ya yi dace ne da wanda aka manta ba a ɗauke ba. Wani manajan zai bar maka, wani zai ce ba na sayarwa ba ne. In aka hana ka, ka ce na gode, ka ajiye. Kai da kowace awa kuɗi ce a kan sitiyari, ban ga dalilin da za ka kashe rabin yini da mai da kuɗin gada kana farautar abin da sai an yi sa'a ba. Ragin kashi 50 ko 75 cikin ɗari, wanda ake samu a kai a kai, shi ne abin nema.

Yanzu ga inda na fi so ka saurare ni. Shekarun baya na tarar da fankokin sama guda shida a wani kanti, masu kyau, fukafukan katako, an zubar da farashinsu. Na kwashe duka ina murna, na biya kuɗin jirgin ruwa, na biya na kwastan, aka kai su har gida. Ranar da mai wayarin ya ɗaura ta farko a ɗakin mahaifiyata ina tsaye riƙe masa tsani. Ya kunna, ta juya da wani irin gurnani, sai wari, sai hayaƙi siriri yana fita ta saman injin. Hajiya ba ta ce komai ba, ta dai ɗauki maficinta ta koma tsakar gida. Sauran biyar suna nan cikin kwalayensu. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu ta Najeriya 230. Duk abin da ke da waya, fanka ne, kwan fitila, soket, injin huda bango ko firij, in an yi shi don kasuwar nan, wutar Najeriya za ta ƙone shi sai an haɗa da taransifoma, kuma ba wanda zai sa wa kowace fanka taransifoma a silin. Dabarar ɗaya ce: juya kayan ka karanta ɗan rubutun da ke jikinsa. In ka ga 100 zuwa 240, zai yi aiki a gida, sai dai ka sauya masa kai. In ka ga 120 kaɗai, mayar da shi inda ka ɗauko, ko da kyauta ne. Injinan aiki masu batir ma haka, su kansu ba ruwansu da wutar gari, amma cajarsu ta nan yawanci 120 ce.

Kayan famfo su ma suna da tasu matsalar. Haƙoran da ake murɗa bututu da su a Amurka ba iri ɗaya ba ne da na Ingila da muka gada, sai ka ga kan famfo mai tsada yana yoyo, mai gyara ya naɗa zare ya gaji. Makullan ƙofa na nan an yi su ne don ƙofar katako mai zagayayyen rami, ba don ƙofofin ƙarfe da maƙeranmu ke haɗawa ba. Tayil da fenti kuwa nauyinsu kaɗai ya cinye ribar, ga shi kamfanonin jigila suna da tsauraran ƙa'idoji kan fentin mai, gwangwanayen feshi da batiran litiyam. Kada ka ɓoye irin waɗannan a cikin kaya, ka faɗa wa mai jigila tun farko.

Abin da zan ce ka saya shi ne kayan hannu: guduma, filaya, zarto, sukundireba, tef ɗin awo, ma'aunin daidaita bango, kwaɗo masu ƙarfi, safar hannu, fitilun tsakar gida masu aiki da hasken rana. Maginanmu da ƙafa da inci suke awo, bulo ma inci 6 da inci 9 ake kiransa, don haka tef ɗin nan ya dace da su. Sifana dai ka nemi mai awon milimita, shi ne ke shiga motoci da janaretocin gida. Kafin ka biya, tura hoton kayan ga mai kula da gininka ya tambayo farashinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari. Sannan ka haɗa harajin saye na birnin New York, kashi 8.875 cikin ɗari, da kuɗin jirgi, da na fito a Apapa ko Tin Can, da na mota zuwa Kano. In har yanzu akwai rata mai kyau, saya. Sau da yawa za ka ga tura kuɗin ya fi. Kuma idan mai karɓar kuɗi ya yi maka tayin katin bashi na kanti da alkawarin wata shida ba ruwa, ka sani in wa'adin ya cika da saura ko kaɗan, za a lissafa maka kuɗin ruwa tun daga ranar da ka yi sayayyar.

Sai maganar takardun zama a Amurka, wadda ta fi kwantena goma. Za ka haɗu da masu cewa a ɓamɓare takardar gwanjo a manna wa wani kaya, ko a haska mai araha a saka mai tsada a leda a wurin da mutum ke biya da kansa. Wannan sata ce a shari'ar Musulunci da dokar ƙasa, kuma wuraren cike suke da kyamara. Ga ɗan ƙasa tana iya ƙarewa a tara, ga mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, tana iya taɓa zamansa gaba ɗaya, domin dokar shige da fice tana ɗaukar sata a matsayin laifin rashin ɗa'a. Takardar neman zama ɗan ƙasa, N-400, tana tambayar ko an taɓa kama ka, har da laifin da ka aikata ba a kama ka ba. Ka riƙa ajiye rasit ɗin duk abin da ka saya.

Ƙaninka kuma ka hana shi tun yanzu. Bizar ɗalibi, wato F-1, ta ba shi damar aiki a cikin makaranta, awa 20 a mako lokacin karatu, wani aiki a waje sai da izini. Saye da sayarwa don riba a kai a kai aiki ne a idon hukuma, ko da daga ɗakinsa yake yi da waya. In yana cikin matsi, ya je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsu ya tambayi hanyoyin da doka ta yarda. Kai da ke da izinin aiki kana iya sayarwa, amma ribar sai ta shiga lissafin harajinka na shekara.

Idan ka fara tara kayan, ka rubuta sunan kowane abu da kuɗinsa a littafi guda, kwali-kwali, domin mai jigila da jami'an kwastan duk za su nema. A gaida Hajiya da yara.