Haruffan ƙ, ɗ, ɓ Suna Komawa Alamar Tambaya a MySQL

Ɗan'uwa, ka ce manhajar rajistar ɗalibai da kake gina wa wata makaranta a Garwa tana ajiye sunayen Faransanci lafiya lau a rumbun bayanai na MySQL, amma "Ɗanladi" ya koma "?anladi".

Teburinka, wato inda rumbun ke jera sunayen, yana kan tsarin haruffa na latin1 ne. Tsarin ya san é da ç, shi ya sa Faransanci ya tsira, amma babu haruffanmu masu lanƙwasa a cikinsa. Kafin ka taɓa komai, ɗauki kwafin ajiya da mysqldump, manhajar MySQL ta kwafe bayanai. Sannan ka juya teburin zuwa utf8mb4, tsarin da ya san haruffanmu:

ALTER TABLE dalibai CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4;

Nan mutane da yawa ke tsayawa, alhali hanyar da PHP, yaren da ake rubuta manhajar da shi, ke magana da rumbun ma sai an gyara ta: sa charset=utf8mb4 a layin haɗin PDO (abin da ke haɗa PHP da rumbun), shafin HTML kuma ya bayyana UTF-8. A MySQL kada ka zaɓi utf8 zalla, iyakarsa bayit 3 (ma'aunin girman bayanai) ga kowane harafi, emoji ba ya shiga.

Sunan da ya riga ya zama "?" ya tafi, sai an sake bugawa daga takardun makarantar. Amma in ka ga "Æ™" a madadin ƙ, bayanan suna nan, karatunsu ne ya karkace. Wannan kam nemi gwanin rumbun bayanai, domin juyawa sau biyu tana ƙara dagula su.