Amsa ga Malamar da ke tambaya kan rigar shiga Jupita

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce ɗalibanki na son haɗa samfurin rigar da mutum zai sa ya rayu a duniyar Jupita don baje kolin kimiyya, kina neman abin da ya kamata a sa mata. Wallahi tambayarki ta fama mini tsohon miki.

Ki fara cusa wa yaran cewa babu ƙasa a can. Iskar haidurojin ce da hiliyom, kana nitsawa tana ƙara kauri da zafi, babu inda ƙafa za ta dira. Shi ya sa da muka yi namu muka bar rigar ba takalmi da gangan. Hular kwano ta 'yan acaɓa muka sayo a kasuwar Sabon Gari, muka naɗe ta da takardar alminiyom, muka cusa soson katifa a ciki, wani mai walda a Tudun Wada ya lanƙwasa mana rodi. Ranar gasa sai ga wani alƙali, babbar riga har ƙasa, ya zagaya teburinmu yana taɓe baki, ya ce, "To ina takalman? Ƙafa ba komai zai taka duwatsun?" Yarinyar da ke bayani ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, ai babu duwatsu, babu ma wurin tsayawa." Mutumin nan ya ƙyalƙyale da dariya, ya juya ga iyaye yana cewa su ga abin da malaman zamani ke koya wa 'ya'yansu. A gaban kowa fa! Yarinya marainiya, da kuɗin tararta ta sayo gam ɗin aikin, ta koma bayan allo ta cusa bakin hijabi a baki don kar a ji kukanta. Ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni, shugabanmu na ta ƙifta mini ido in yi shiru. Masu dutse mai aman wuta na kwali aka ba na ɗaya. Na ce na bar shi da Allah, amma ko a masallaci na hango mai irin rigarsa sai raina ya ɓaci.

To, batun nauyi. Jan Jupita ya kai ninki biyu da rabi na namu, mai kilo 60 zai ji kansa kamar 150. Rigar 'yan sama jannati ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kuwa a nan ma ta haura kilo 100, sai ki lissafa. Dole a yi mata ƙarafan tallafi masu inji, mutumin kuma a kishingiɗe, in ba haka ba jini ya tarar masa a ƙafa ya suma.

A saman gajimare, inda matsin iska ya yi daidai da namu, sanyi ya kai digiri 108 ƙasa da sifiri. Can ciki kuma wuta ce. Na'urar da kumbon Galileo ya jefa ta shiga a Disambar 1995, minti 58 kawai ta yi tana aiko saƙo, ta yi shiru inda matsi ya ninka namu sau 22, zafi ya haura digiri 150. Kusan rabin nauyinta garkuwar zafi ce. Ƙarfe ke nan, ina ga fatar ɗan Adam? Kar su manta da tankin iskar shaƙa, in ya yi yoyo cikin haidurojin tartsatsi ɗaya ya isa gobara. Ga raɗiyeshon, wato haskoki masu lahani da ido ba ya gani, a hanya, wanda ya sa aka kulle kwakwalwar kumbon Juno, da ya isa a 2016, cikin akwatin ƙarfen titaniyom mai kaurin kusan santimita 1.

Da ina matsayinki, ɗan ƙaramin kumbo mai hannuwa zan sa su haɗa, rataye a balan-balan na haidurojin mai zafi, don hiliyom ba zai ɗaga komai a can ba. Ko ku koma duniyar Satun, janta kusan namu ne.

Ki bugo bayanin NASA a takarda ki ajiye a tebur, ki kuma binciki su wa za su yi alƙalanci. Kar ki yarda a ba ki teburin bakin ƙofa, mu iskar hunturu ta yage mana alminiyom ɗin kafaɗa tun kafin baƙi su zauna.