Filin Tambaya da Amsa: Horar da yara ƙwallon raga

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Tudun Wada, kuma ni aka ɗora wa koyar da ƙwallon raga. Yarana 20 ne, 'yan shekara 10 zuwa 12. Ƙwallaye uku muke da su, lokacinmu kuma awa ɗaya ce bayan la'asar. Kafin a ci rabin lokacin sun fara wasa da ƙasa suna tsokanar juna. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Galibi inda aka ji wannan kukan, za ka tarar layi ɗaya ake jera yaran, koci na jefa ƙwallo, kowa ya taɓa ya koma baya. Yi lissafi da kanka. In jifa da ɗauko ƙwallo na cin daƙiƙa 15, yaro zai yi minti 5 yana jira kafin layi ya sake zuwa kansa, wato sau 12 zai taɓa ƙwallo a awa guda. Hannu ba ya koyon komai da wannan, yaro kuwa in ya rasa abin yi dole ya nemo wa kansa.

Filin ƙwallon raga mita 18 ne a tsawo, 9 a faɗi. Ka ajiye ragar tsakiya tukuna. Kafa sanda a tsakiyar kowane layin ƙarshe, ka ja igiya ta bi tsawon filin, tsayinta mita 2 daga ƙasa, ka ɗaura mata tsummoki don a riƙa ganinta. Yanzu ka samu ƙananan filaye uku, kowanne faɗin mita 6, kowane ɓangare kuma zurfin mita 4 da rabi. Uku da uku a kowane fili, yara 18 ke nan suna wasa lokaci guda, kowane fili da ƙwallonsa. Biyun da suka rage su ƙirga maki, a canje su duk bayan minti 3.

Awar kuma ka raba ta haka: minti 10 na ɗumama jiki da ƙwallo a hannu (gudun zagaye fili ɓata lokaci ne a wajen mai awa ɗaya), minti 15 na fasaha guda ɗaya tak da ka zaɓa wa ranar, minti 25 na wasan uku da uku, sauran 10 na shan ruwa da miƙe jijiyoyi. A makonnin farko ka yarda yaro ya cafe ƙwallo a taɓawa ta biyu cikin ukun da aka yarda wa kowane ɓangare, ya cilla ta sama wa abokinsa, domin nan ne wasan masu koyo ke mutuwa. Duk ɓangaren da ya cika taɓawa uku kafin ya tsallakar, ka ƙara masa maki ɗaya, za ka ga sun daina mayar da ƙwallo da bugu ɗaya. Bayaninka kada ya wuce rabin minti. Nuna musu sau biyu, ka busa usur.

Tambaya: Ina koya wa 'yan mata a wata sakandare a Barnawa. Suna kukan hannayensu na yin ja suna zafi, ƙwallon kuma in sun tare ta sai ta yi gefe ko ta tsallake bayansu.

Amsa: Malama, fara duba iskar ƙwallon. Mai famfo a bakin titi yakan cika ta kamar ta ƙafa, alhali ƙwallon raga iskarta kaɗan ce, kilo 0.30 zuwa 0.325 kan kowane murabba'in santimita a ma'aunin iska. In ba ki da ma'auni, danna ta da manyan yatsunki biyu, ya kamata ta ɗan lotsa. Ɗan jan da damtse ke yi a makon farko ba abin tsoro ba ne, yana raguwa, riga mai dogon hannu ma na taimakawa. Amma kumburi a wuyan hannu ko yatsa, wannan a huta, a kai ta a duba.

Sauran matsalar ta wurin da ƙwallon ke sauka ce. Tafin hannu ɗaya a kan ɗaya, manyan yatsu a jere suna kallon ƙasa, gwiwar hannu a miƙe sosai. Ƙwallo ta sauka a damtse, sama kaɗan da inda ake ɗaura agogo. In ta daki ƙashin wuyan hannu, ga zafi ga kuma bauɗewa. In kika ga ta tsallake baya, to yarinyar ta lanƙwasa gwiwar hannu ne ko ta wurga hannayen sama har suka wuce kafaɗa. Ƙafafu ne ke ɗaga ƙwallo: ta ɗan durƙusa, ta miƙe a hankali, damatsan na fuskantar inda take son aikawa. Haɗa su uku-uku, ɗaya na jefawa daga nisan mita 3, ɗaya na tarewa, ta ukun na tsaye a matsayin wadda ake aika wa. Bayan tarewa 10 su juya.

Tambaya: A Kawo muke atisaye a fili buɗaɗɗe. Sabis ɗin yarana, wato bugun fara wasa, ba ya tsallake raga, da hunturu kuma iska ta kwashe shi.

Amsa: Wataƙila a tsayin manya ka ɗaura ragar, wato mita 2.43 na maza ko 2.24 na mata. Sauke ta zuwa mita 2 ga 'yan ƙasa da shekara 12. Su fara da sabis na ƙasa, suna tsaye mita 4 daga raga: ƙafar da ke kishiyar hannun bugu a gaba, ƙwallo a tafin ɗayan hannun daidai ƙugu, a buge ta da gindin tafi ba tare da an cilla ta sama ba. Wanda ya tsallakar sau 5 a jere ya ja baya taku ɗaya, a haka har ya kai layin ƙarshe. Ranar da iskar hunturu ta yi ƙarfi, riƙa sauya musu ɓangare bayan kowane maki 5 don kowa ya buga da iska a gabansa da bayansa, sannan ka yayyafa wa filin ruwa kafin a fara saboda ƙura.